Gidan Jaki

Dujam Radonić na tsaye a ƙofar gidansa, yana kallon wasu baƙi suna jan akwatuna, suka wuce shi suka shige gidan Roko, ɗan baffansa. Damina ko rani Roko ba ya gyara ko famfo, amma ɗakunansa na haya cike suke. Na Dujam kuwa, masu kallon teku, ƙudaje ne ke hutu a ciki. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don idan bazarar nan ta wuce a haka, rufe gidan zai yi.

'Yarsa Nevenka, wadda ke gyara wa otal-otal shafukan intanet a birnin Split, ta kira shi kan teburin da ke ƙarƙashin rumfar inabi, ta juyo masa kwamfuta.

"Baba, duba. Na nemi sunanmu. Ɗakunan Radonić, Ɗakunan Radonić, Ɗakunan Radonić. Wanne ne naka?"

"Duka namu ne, rabin tsibirin nan Radonić ne."

"To shi baƙo duba zai yi? Na sama yake latsawa, na Roko ke nan. Taken shafi shi ne abin da ake fara gani. Sai mun sa sunan da ba mai shi sai mu."

Dujam ya gane inda ta dosa, ya haɗe rai. A garin, kowane gida da laƙabinsa, da shi ake aike, da shi ake kwatance a tashar jirgin ruwa. Nasu Gidan Jaki ne, gadon wani kaka mai taurin kai. Tun yana makaranta Dujam ke dambe a kan sunan nan, har haƙori ya rasa.

"A gaban duniya? Ubanki za ki yi wa tallan jaki?"

"Baƙon da ya taɓa kwana nan, wane suna direban tasi ya faɗa masa? Shi yake nema, ba ya samu."

"Sa Fadar Teku."

"Akwai su bila adadin, Baba. Jakin dai mu kaɗai ne."

Ya sha kofinsa da ya huce, ya dubi tawul ɗin baƙi a shanye kan igiyar Roko, ya yi tsaki. Wai ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Rubuta. Amma in aka yi dariya, ke za a yi wa."

Ta rubuta: Gidan Jaki, ɗakunan haya a bakin teku. Ta koma Split abinta.

Ba a rufa mako biyu ba, yana gasa kifi, waya ta yi ƙara. Wata mata ce, da baƙuwar murya, tana tambaya a hankali kamar mai tsoron yin laifi.

"Don Allah, nan ne Gidan Jaki?"

Kifin ya fara ƙauri, Dujam ya juya shi. Sannan ya gyara murya.

"Nan ne, ranki ya daɗe. Shi jakin ne ma da kansa a kan layi. Ku nawa ne?"