Muryar da Baba Kafinta Ya Ce In Goge

"Goge shi, 'yata. Wannan ma bai yi ba."

Na janye wayar daga bakinsa, na danna, na ce na goge. Baba Kafinta ya gyara zama a bakin gado, ya yi tari, ya ce mu sake daga farko. Hannuna ya riga ya sage, ga tulin guga yana jirana a shago, amma wa zai iya da tsohon nan?

Ƙofarsa tana kallon tawa, kuma ajinmu ɗaya na koyon Turanci na manya. Ni na shiga ne saboda masu kawo wanki da ba na gane su sai da nuni. Shi kuwa saboda jikarsa. 'Yarsa ta yi aure a nesa, yarinyar ta tashi ba ta jin Hausa sai Turanci, in aka haɗa su ta bidiyo a wayar wani sai dai su yi ta ɗaga wa juna hannu kamar masu bankwana a tasha. Amaryata yake ce mata, wasan kaka da jika, yana cewa wane irin ango ne ba ya iya zance da amarya.

Malama ta ba mu aiki: kowa ya ɗauki hotunan abubuwan da suka shafi rayuwarsa, ya naɗi muryarsa yana ba da labarinsu da Turanci. Baba ya ce nasa na amarya ne. Wayarsa ta kira ce kawai, sai muka yi da tawa, wadda ni ma ban daɗe da saye ba. Ya sa na ɗauki zartonsa, da tabon babban yatsansa, da dokin ƙofar da ya riƙa zana tsawon 'yarsa a jiki, sai 'yar ƙaramar kujerar da ya ƙera ranar da aka haifi jikar, wadda ba ta taɓa zama a kai ba.

Mutum ne da bai taɓa barin kujera ta fita daga shagonsa tana rawa ba, kuma haka ya ɗauki magana. In ya yi tari, a goge. In Hausa ta suɓuce masa, a goge. In na yi dariya ya harare ni, shi ma ta ƙwace masa, a goge. Da ƙyar muka gama sauran hotunan, ya karanto su a sandare kamar mai sanarwa a rediyo. Kujerar ce ta gagara. Duk sanda ya zo kan ranar haihuwar, sai muryarsa ta karye, Turancin ya gudu ya bar shi.

Ranar na ce ya bar shi haka mana, ai za ta gane.

"Ba za ta ji kakanta yana in'ina ba," ya ce. "Gobe, in Allah ya kai mu."

Da safe na shiga masa da shayi na tarar numfashinsa yana sama-sama. Maƙwabta suka kai shi asibiti, kafin azahar rai ya yi halinsa. Na yi kuka sosai, kuma abin da ya fi ci mini rai kujerar nan ce. Maganar da ya fi son yarinyar ta ji, da yatsana na yi ta goge ta.

Da na koma aji na faɗa wa Malama aikin Baba bai cika ba. Ta karɓi wayar tana dubawa, can sai ta ɗago ido.

"Yaya, ina kike dannawa in za ki goge?"

Na nuna mata 'yar kibiyar da ke gefe. Ta rufe baki da mayafinta, ban san ko dariya take ko kuka ba. Ashe kibiyar baya kawai take mayar da mutum. Komai yana nan, da tarin, da dariyar, da faɗan da yake mini, da kujerar iri-iri. Ban taɓa gode wa Allah a kan rashin sanina ba sai ranar.

'Yarsa ta iso da yarinyar bayan an yi jana'iza, don su kwashe kayan ɗakin. Na yi ta jan ƙafa wajen kunna musu muryar, don mamaci cewa ya yi a goge, kuma amana ba wasa ba ce. Na faɗa wa 'yar tasa gaskiya. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ai kin goge, Yaya. Allah ne ya dawo mana da shi."

Yarinyar doguwa ce, ta wuce zanen ƙarshe na dokin ƙofar. Na kunna mata na kujerar. Uwar ta fara fassara mata inda Hausa ta shigo, amma da aka zo wurin da muryar ta karye, sai yarinyar ta ɗaga hannu ta tsayar da ita. Ta jawo kujerar ta zauna, gwiwoyinta har haɓa, kujerar ko motsi ba ta yi ba.

"Goge shi, 'yata," in ji Baba daga cikin wayar.

"Na goge, Baba," in ji muryata.

Ta sa yatsa ta mayar da shi farko.