Ranar Da Dogo Zai Mutu

Tun ranar da gidan talabijin ya sanar cewa za a mayar da littafin Dogo wasan kwaikwayo, Auta ta san asirinta ya kusa tonuwa. Ba ta kashe kowa ba. Hasali ma raya wani ta yi, kuma nan matsalar take.

Shekarar da babansu ya rasu, Inna ta kwanta ciwo. Ta daina cin abinci, ta daina faɗa, kuma daina faɗan ne ya fi tayar wa 'ya'yanta hankali. Idonta dama ya yi rauni, ko zare ba ta iya zurawa a allura. Auta ce ƙaramar 'yarta, tela ce, shagonta na jikin gidan, ƙofa ɗaya ta raba shi da falo. Sai ta riƙa rufe shago da wuri, ta zauna a bakin gado tana karanta mata wani littafi da ake yayi a lokacin, labarin wani direban babbar mota da ake ce wa Dogo, mai saurin fushi da saurin hucewa, wanda duk inda ya je hankalinsa na kan matarsa.

Inna ta kamu da son Dogo. Ta ce haka babansu yake, har yadda yake buga ƙofa da ƙafa in hannunsa da kaya. Magani ma ba ta sha sai an yi mata alkawarin babi ɗaya.

Shi mai karatu idonsa yana riga bakinsa. A babin ƙarshe Auta ta hango abin da ke tafe: birki ya tsinke a gangare, Dogo bai kai gida ba. Ta ɗaga kai ta dubi Inna, wadda a ranar ne karon farko ta shanye shayinta ta nemi ƙari. Sai Auta ta juya shafi, ta gyara murya, ta shiga shirga ƙarya da muryar karatu. Dogo ya karkatar da mota cikin yashi, ya fito da ɗan ƙwarzane a goshi. Ya iso gida da tsarabar sabon keken ɗinki, baƙi mai zanen ruwan gwal, na takawa, har da akwatin zare kala-kala. Gangaren bai ci mata layi biyar ba, amma keken ya ci kusan shafi biyu, don a nan ne ta san abin da take faɗa.

Inna ta warke, faɗa ya dawo, kowa ya yi hamdala. Auta ta cusa littafin ƙarƙashin ragowar yadudduka a shago ta manta da shi.

Yanzu ga shi an sa Dogo a talabijin, duk yammacin Lahadi. Falon Inna ya zama majalisa. Malama takan zo daga gidan da ke kallon nasu, mace mai gilashi da ta karanta littafin har ya yage a hannunta. Mai Kitso ma takan zo, ita ba ta karanta ba, kuma ba ta jin ta yi asarar komai. Inna takan ja kujerarta har kusa da gilashin talabijin, ta kafa kunne, ta zama alƙaliya.

Ƙorafi ya fara tun fitowar farko.

"Wannan ne Dogon?" in ji Malama. "Wannan ɗan duƙurmin? Sai fa ya taka dutse yake hawa motar."

"Ni dai ya yi min," in ji Mai Kitso. "Ku dubi haƙoransa."

"Haƙori ne zai tuƙa motar?" in ji Inna. "Auta, matar tasa me ta sa?"

"Barci ta tashi, Inna. Amma da jan baki da gira."

"A littafi ba haka ba ne. Matar Dogo ko madubi ba ta da lokacin dubawa."

Haka ake yi kowane mako. An ƙirƙiro wani kawu mugu da babu shi a littafi, Inna ta ce a mayar da shi gidan da aka aro shi. An sa kiɗan tausayi kawai saboda Dogo yana shan ruwa, Malama ta ce ko a biki ba a yi wa shan ruwa kiɗa. Motar kuwa fes take kamar ba ta taɓa ganin hanya ba. Duk da haka babu wadda ta taɓa fashi. Sukan zagi wasan tun daga farko har a rubuta sunaye, sannan su tashi suna cewa Allah ya kai mu Lahadi.

Abu ɗaya ya rufa wa Auta asiri duk tsawon watannin nan. Inna ta kafa doka cewa duk wadda ta faɗi ƙarshen labari a gaban Mai Kitso ta bar shigowa falon. Saboda haka in aka zo wurin da ke nuna ƙarshe, sai Inna ta dubi Malama ta yi murmushi, Malama ta dube ta ta girgiza kai cikin jimami. Kowacce tana ganin 'yar'uwarta ta cika baƙon hali, amma babu mai magana.

Da aka ce saura fitowa ɗaya, barci ya ƙaurace wa idon Auta. Ba kunyar a kama ta da ƙarya ce ta fi damunta ba. Tsoronta shi ne Inna ta zauna da murnarta, a gaban mutane, a kashe mata Dogo ba shiri, ta kuma gane cewa 'yarta ta mayar da ita yarinyar da ake ɓoye wa abu. Inna tana yafe komai, ban da a raina mata hankali.

Ranar Asabar ta ɗinka wa wata mata hannun riga a baibai, ta farke, ta sake ɗinka shi a baibai. Ta kira babban wansu a waya.

"Yaya, don Allah ka zo gobe ka ɗauki Inna ta wuni a gidanka."

"Gobe? Ke kina so ta tsine min ne? Ni kaina ta ce kada in kira ta a waya sai an gama."

Ranar Lahadi da safe ta zagaya bayan talabijin da sunan share ƙura, ta ɗan sassauta wayar eriya. Ba a jima ba Inna ta kunna don gwaji, ta ji shuuu, ta aika aka kira mai gyara. Ya sa yatsa biyu ya murɗa wayar, ya dubi Auta, ya yi tafiyarsa. Da rana ta yi ta addu'ar a ɗauke wuta. Wutar da kullum sai ta yi musu tsiya, ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Malama ta shigo da baƙin mayafi da ƙaton hankici a hannu. Ta tarar Inna ta ci ado, ta sa an jera kwalaben lemo a kan tebur.

"Inna, lemo kuma? Yau?"

"To in ba yau ba sai yaushe?"

Malama ta buɗe baki, ta tuna doka, ta rufe. Auta ta zauna can bakin ƙofar shago da wata riga a cinyarta tana yi mata maɓalli, don ta sami abin da za ta sunkuyar da kai a kansa.

Aka fara. Dogo ya yi sallama da abokan aikinsa, ya hau mota, ya kama hanya. Gangare ya bayyana. Ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Mai Kitso ta ƙwala ihu ta riƙe hannun kujera. Malama ta kai hankici fuska. Inna kuwa ta kurɓi lemonta ta ce, "Ku kwantar da hankalinku."

Sai aka sako tallar sabulu.

Auta ba ta taɓa ƙaunar tallar sabulu irin ta ranar ba. Ta so a ce matar da ke cikin tallar ta ci gaba da wanke farar rigarta har abada. Ta yi niyyar ta tashi ta durƙusa gaban Inna ta faɗi gaskiya, sai ta ci gaba da ɗinka maɓalli. Allura ta soke ta a yatsa, ko ji ba ta yi ba.

Aka dawo. Ga ɗakin asibiti, ga matar Dogo da jan bakinta tana kuka, ga Dogo an naɗe masa kai. Kiɗa ya yi ƙasa. Sai yatsansa ya motsa. Ya buɗe ido, ya dubi matarsa, ya ce, "Kin ci abinci kuwa?"

Mai Kitso ta miƙe tana tsalle. Auta ta saki rigar ta faɗi ƙasa. Ashe su ma masu shirya wasan zuciyarsu ba ta iya kashe shi ba. Aka nuna shi ya koma gida da sanda, unguwa ta fito tarbarsa, aka rubuta sunaye. Wani daɗi ya lulluɓe Auta, har ta fara yi wa daraktan addu'a a zuci, shi da iyayensa.

"To, alhamdu lillahi," in ji Inna. "Yau dai sun bi littafi."

"Wane littafi?" Malama ta cire gilashinta. "Inna, wane littafi? Sun cuce mu! Sun ɓata labarin gaba ɗaya! Dogo mutuwa ya yi a gangaren nan, ko asibiti ba a kai shi ba. Kwana na yi ina kuka da na karanta."

"Ke Malama, ki ji tsoron Allah. Abin da suka rage kawai keken ne."

"Wane keke?"

"Keken ɗinkin da ya kawo wa matarsa mana. Baƙi, mai ruwan gwal, na takawa. Da akwatin zare."

Malama ta mayar da gilashinta a hankali. Ta dubi Inna, ta dubi ƙofar shago, inda wani baƙin keke mai ruwan gwal yake zaune a fili kowa na ganinsa, sannan ta dubi Auta. Auta ta yi mata kallon roƙo da duk fuskarta.

Malama ta yi gyaran murya. "To... wataƙila bugu biyu aka yi. Ana yin haka wani lokaci."

"Ni dai ko bugu goma ne, wanda ya rayu nake so," in ji Mai Kitso, ta ɗauki kwalba ta biyu.

Suka watse kafin magariba, Malama na ta sauri kamar ta bar tukunya a wuta. Auta ta shiga tattara kwalabe, tana yi tana gwara su suna ƙara don kada shiru ya samu wuri.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Ajiye kwalaben nan. Ɗauko min littafin."

Ta je ta tono shi daga ƙarƙashin yadudduka, duk ya yi ƙurar zare. Ta dawo ta durƙusa a gefen kujera, ta fara, "Inna, wallahi ni..."

"Ban tambaye ki ba. Malama ba ta iya ƙarya ba, ke ma ba ki iya ba, gara ke ma da ɗan ƙoƙari. Tun a lokacin na yi mamakin direban da ya san lambar allura." Ta gyara zama. "Buɗe inda kika sauka daga hanya. Ki karanta abin da ke rubuce. In na ji kalmar zare, sai na ci miki mutunci."

Auta ta yi dariya, hawaye na zubo mata. Ta nemo shafin ta fara karantawa. Marubucin bai ja zance ba. Motar ta kife, mutanen ƙauye suka zo da gudu, Dogo ya ce a gaya wa matarsa ta kwashe shanya, hadari na haɗowa. Daga nan bai ƙara magana ba. Matar tana gida tana ɗumama masa ruwan wanka lokacin da aka buga ƙofa, ta ji bugun da hannu aka yi, ta san ba shi ba ne.

Nan Inna ta rufe fuska da gefen mayafinta ta yi kuka sosai, irin wanda Auta ba ta ga ta yi ba ko ranar da aka fita da babansu. Auta ta tsorata, ta rufe littafin, ta ce ta tuba, ta ce dama ba ta ɗauko ba. Inna ta laluba ta kamo hannunta ta riƙe gam.

"Da kin karanta min wannan a wancan lokacin, da na bi shi," ta ce. "Kin yi min jinyarsa har na miƙe. Yanzu ina da ƙarfin da zan yi masa kuka, ki bar ni in yi."

Suka zauna haka, fankar sama na juyawa, har kukan ya lafa don kansa. Inna ta share ido, ta face hanci, ta ja dogon numfashi. Sai ta juya ta harari talabijin ɗin da ke kashe.

"Amma 'yan wasan nan ba su da kunya," ta ce. "Mutum ya yi mutuwarsa mai kyau haka, su tashe shi ya tambayi abinci? Je ki kira min Malama. Ki ce mata ina bayanta."