Ruwan da Ta Watsa a Bayan Lu'ay

…amma ai a nan yarinyar take. A littafi na ƙarshe, wurin da Sinan zai gangara cikin kogin Dijla zuwa birnin mutanen ruwa, ƙanwarsa ta biyo shi da kwano ta watsa ruwa a bayansa. Intisar tana juya shafi. Ta koma baya. Babu ƙanwa. Babu kwano. Ko shafin ya yage ne? A'a, lambobin suna bin juna lafiya lau.

Wuta ta ɗauke tun azahar, zafin Bagadaza ya koro su ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ita da 'yarta Tabarak. Ɗakin dai shi ne. Warin danshi, tsohuwar tabarma, ɓawon kankana a faranti. A nan yayanta Lu'ay yake karanta mata Sinan, littafi bayan littafi, lokacin ko baƙi ba ta iya haɗawa ba.

"Ke mai kunnen jemage, rufe ido. Labari ba ya son a kalle shi."

Sai ta rufe. Kullum sai ta rufe.

To ina yarinyar ta shiga? Mai wushirya, mai tsoron ƙadangare, mai tabo a gwiwar hagu… Hannun Intisar ya sauka kan gwiwarta ta hagu. Ta janye shi da sauri kamar ta taɓa garwashi.

Ranar Juma'a, in ji Kawu Jabbar. "'Yata, shekara ta haura goma da ɓatan Lu'ay. Mu yi zaman makoki, mu sauke masa Alƙur'ani, ya huta, mu huta." Makokin wa? Wa ya ga gawa? Mutum ya hau mota zai tafi Sham neman aiki, an neme shi sama ko ƙasa an rasa, shi ke nan sai a kafa rumfa a raba gahawa mai ɗaci? Ita ce ta watsa ruwan. Da hannunta. Kwano cike fal, har ya jiƙe masa ƙafar wando, ya waiwayo yana dariya: "Wanka za ki yi min ne?" Duk gidan da ke unguwar nan haka ake yi wa matafiyi, amma ita ta san abin da ba su sani ba. Sinan ma ya daɗe. Ya daɗe ƙwarai. Ruwan ƙanwarsa ne ya gane hanya, ya jawo shi gida.

Bari ta karanta da idonta. Ba ta taɓa yi ba, wa zai so ya ji Sinan a wata murya? Ta ƙara matso da fitilar waya. Idon ma ya fara gajiya, in ba hasken nan ba ko layi ɗaya ba za ta…

Haske.

Ɗakin nan ba taga. In wuta ta ɗauke, tafin hannunka ma ba ka gani. Ba waya a lokacin. Kyandir kuwa Mama ta hana, saboda tukunyar gas. To da me yake gani? Tana jin ƙarar shafi, wallahi tana ji, yana juyawa a hankali, a cikin duhu…

Tsigar jikinta ta tashi. Tsoro take ji, tsoron ɗan'uwanta da ta fi so a duniya.

Shafin ƙarshe. Sinan ya shiga ruwa. Ruwa ya rufe. Uwarsa tana zaune a gaɓa, masunta suna wucewa suna gaishe ta. Shi ke nan. Sauran farar takarda ce da sunan maɗaba'a.

Ƙarya ka yi min, Lu'ay? Ko tausayi? Kai ka ƙera yarinyar, ka ba ta gwiwata, ka ɗora mata kwano, ka bar ni tsaye a ƙofar gida da shi har na yi furfura…

"Mama." Tabarak na kwance, idonta a rufe gam. "Kin yi shiru. Na rufe fa. Labari ba ya son a kalle shi."

Wa ya gaya mata? Ita ce? Yaushe? Ba ta tuna ba. Ba ta tuna ba sam.

"Mama, Sinan ya dawo?"

Juma'a jibi ce. Yatsanta ya danna, fitilar ta mutu. Duhu. Danshi. Numfashin yarinya, da wani kamar na Lu'ay, can wajen matakala. Ta ji hannunta yana juya farar takardar, a hankali, yadda za a ji ƙarar.

Ashe haka ake yi.

Bakinta ya buɗe, ba ta san muryar wa za ta fito ba.