Kafin Sufaye Su Rufe Kwano

Bastien ya gama cusa jakunkuna a bayan mota yana ta fito da ƙarfi, don kawai kada ya ji shirun gidan. Ranar ƙarshe ce ta bikin Pchum Ben, bikin ciyar da matattu, kuma kamar yadda baƙi irinsa suka saba duk shekara in birnin Phnom Penh ya watse, ya kama musu ɗaki a bakin teku a Kep. Su ci ƙaguwa da ɗanyen masoro, su yi iyo, su yi barci, ko yarinyar ta ɗan manta. Iyakar dabarar da ya iya ke nan.

Yana ɗagowa ya ga 'yarsa Champei a bakin ƙofa, sai ya daina fiton.

Shekararta tara, amma farar rigar uwarta ce a jikinta, ta nannaɗe hannuwan, ta ɗaura zanen siliki a karkace. Tana riƙe da langar nan mai hawa-hawa da marigayiyar uwarta Kunthea kan kai abinci da ita wat, gidan ibada inda sufayen ƙasar ke zaune. In ta motsa sai langar ta yi ƙara, don ba komai a ciki.

"Papa, goben taka ta zo."

"Champei, ai mun yi magana."

"Kai dai ka yi. Kullum na ce mu kai wa Mak, uwata, abinci sai ka ce gobe. Yau rana na takewa sufaye za su rufe kwano, a mayar da matattu, kowa da ƙunshinsa. Ita fa? Sai baɗi?"

Ba ya buƙatar a yi masa bayani, shekararsa goma sha biyu a ƙasar. Mako biyu ake buɗe wa matattu ƙofa, su riƙa bin wat ɗaya bayan ɗaya suna duba abin da nasu suka kawo, kuma abin da sufi ya ci da sunan mamaci shi ke isa gare shi. Duk shekara Kunthea kan tashi ita kaɗai ta yi wannan hidima, shi kuwa ya juya ya ƙara jan bargo. Ba ta da uwa, ba ta da uba, ba ƙane ba ƙanwa. A sansanin gudun hijira na bakin iyaka ta girma a hannun mutane. Yanzu da zazzaɓi ya ɗauke ta a farkon shekara, duk faɗin duniyar nan babu mai kiran sunanta a gaban sufi in ba su biyun nan ba.

"Jiya ko taɓa taliyarki ba ki yi ba," in ji shi a hankali.

"Kuma ba zan ci ba. Ina zaune ana zuba mini abinci, uwata na tsaye a ƙofar wat tana kallon bakin mutane?"

Shi bai yarda matattu na jin yunwa ba. Amma ya ga leɓen yarinyar ya bushe ya tsattsage, ya ga irin kallon da take masa, kallon wanda aka gama auna shi ana jiran a yanke. Nan take jikinsa ya ba shi cewa in rana ta take langar nan ba komai, zai tafi Kep da yarinya a gefensa, amma ba da 'ya ba.

Ya ruga kicin. Tun rasuwar bai ƙara kunna wuta a cikinsa ba, don ko'ina ya juya hannun Kunthea yake gani. Sun zama 'yan gidan abinci: yau na Italiyawa, gobe na Indiyawa, jibi na Japanawa, ko'ina dai ban da inda ta taɓa zama. Ya buɗe firji, ya tarar da ruwa, da ragowar cuku, da lemon tsami da ya ƙanƙance. Buhun shinkafa kuwa ƙwari sun riga shi.

"Mu sayi burodi a gidan mai, ga cuku..."

"Mak ta ce cukunka warin safa yake. Miyar kifi mai tsami take so."

"Shiga mota."

Gari kamar an yi shara. Titin da kan ci rabin yinin mutum da cunkoso, yau ko kare ba ya tsallakawa. Suka bi gidajen abincin da suka sani ɗaya bayan ɗaya, ko'ina ƙofar ƙarfe a sauke, an kifa kujeru a kan tebura. Wanda suka samu a buɗe guda ne, na Turawa, ba abin da ke ciki sai giya da soyayyen dankali. Champei ta rungume langar a ƙirji.

Da ya ga uwar bari, sai ya karya kan mota zuwa lungun da ya yi rantsuwa ba zai sake shiga ba, bayan kasuwar Tuol Tompoung, inda rumfar abincin Ming Phalla, wato Goggo Phalla, take. A nan ya fara ganin Kunthea tana tsotsar ƙashin kifi tana dariya da baki cike. A nan suka ci abincin kowace Juma'a har ta bar duniya. Ya sauka ya shiga dukan ƙofar da hannu biyu.

"Kai barang, kai Bature! Ƙofar ta zage ka ne?"

Pu Vuth ne, wato Kawu Vuth, tsohon mai gadin layin, yana kwance cikin ragar lilo da ya ɗaure tsakanin turaku biyu.

"Pu, ina Ming Phalla?"

"Tana garinsu Takeo tana ciyar da uwarta da ta rasu. Kai wa ya ce maka ana dafa wa rayayyu yau?" Ya fara dariya, sai idonsa ya faɗa kan yarinyar da farar riga da langa. Dariyar ta mutu. Ya tashi zaune. "Af. 'Yar matar nan ce mai yawan dariya? Sai yau ka tashi nema, ɗana? Mako biyu kana ina?"

"Pu, ka zage ni gobe. Wa ya rage a garin nan da tukunya a wuta?"

"Waɗanda ba bikinsu ba ne. Bi bakin kogi ka yi arewa, unguwar Cham. Musulmi ne, matattunsu ba sa jiran shinkafa. Yi maza, dubi inuwarka, ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafarka."

Bastien bai san sa'ad da ya tsallake danja ba. Hadari ya taso daga hayin kogi, baƙi ƙirin. Kusa da wani masallaci mai koren rufi suka hango hayaƙi a wata rumfar kwano, da wata mata mai jiki, ta yane kanta da mayafi tana juya tukunya. Yaran unguwa na kiranta Ming Romlah. Miyar naman sa ce da ita, da burodi.

"Miyar tsami? Ba na sayarwa," in ji ta. Ta dubi langar, ta dubi farar rigar. "Wai ni, Musulma, in dafa wa sufayenku?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bastien, injiniyan da ke da mutum arba'in a ƙarƙashinsa, ya haɗa tafin hannu ya ɗaga har goshi a gaban mai sayar da miya.

"Ming, matata ce. Ba ta da kowa. Yarinyar nan tun jiya ba ta ci komai ba."

Romlah ta daɗe tana kallon leɓen Champei. Ta ja tsaki, ta sauke tukunyar naman.

"Abin da za ku yi da ita tsakaninku da Mai Sama. Ni yarinya na gani. Mayar da kuɗinka aljihu, zo nan ka daka." Ta tura masa turmi, ta ciro kifi mai rai daga bokiti ta buga kansa a dutse. "Ba haka ba! Kai, da ƙarfi, turmin ba ƙwai ba ne. Shekara nawa kana cin abincin ƙasar nan?"

"Sha biyu."

"Sha biyu, ba ka san yadda ake riƙe taɓarya ba. Allah ya jiƙan matar da ta yi haƙuri da kai." Ta jefa prahok, daddawar kifin nan mai tashin kai, cikin ruwan zafi, ta juya wajen Champei. "To 'yata, yaya take son ta? Miyar tsami kowane gida da tasa."

Idon Champei ya shiga yawo kamar na mai neman abin da ya faɗi a ruwa.

"Tana sa... akwai ganye... a'a..." Ta dubi ubanta. "Papa, na manta. Na manta! Ina ganin kwanon amma ban san me ke ciki ba. Papa, ina manta ta!"

Ta fashe da wani irin kuka da ko ranar ƙona gawar ba ta yi shi ba. Bastien ya saki taɓarya. Bai taɓa dafa miyar nan ba, bai taɓa tsayawa ya ga ana dafa ta ba. Amma ya zauna a gefen matar nan Juma'a bayan Juma'a yana jin tana yin oda, har kalmomin suka zauna masa a ka kamar karatun yara. Bai san lokacin da suka fito ba, da yaren Khmer tsantsa irin wanda bai taɓa iyawa ba, har da yadda take jan ƙarshen magana:

"Ming, a ƙara tsamiya, kar a ji tausayina. Ban da sukari, ni ba jaririya ba ce. Ganyen ruwa a sa shi ƙarshe, kar ya mutu. A bar mini kan kifin, barang ɗin nan tsoron idonsa yake. Barkono a gefe, don mijina rago ne."

Champei ta daina kuka, baki buɗe, tana kallon ubanta kamar uwarta ce ta leƙo ta cikin bakinsa. Shi kuwa ya dafa turken rumfar, kafaɗunsa na girgiza, ya kasa ɗago kai.

Romlah ta share ido da gefen mayafi, ta dumbuzo tsamiya cike da hannu. "Na ji, hajiyar gida," in ji ta ga tukunyar. "Ba za a ji tausayinki ba."

Ana rufe langar ruwa ya ɓarke. Romlah ta nuna musu wat mafi kusa, can bayan gada, amma tun daga nesa babura da motocin masu biki sun toshe hanya, ruwa ya kai ƙauri. Bastien ya bar motar a tsakiyar titi, ya ɗauki langar da hannu ɗaya, ya kama yarinyar da ɗayan. Miya na ɗiga tana ƙona masa yatsu, bai saki ba. Takalmin Champei ɗaya ya tafi da ruwa, ba ta waiwaya ba. Jama'a na fitowa da langunansu wayam, su suna kutsawa ciki.

A zauren, sufaye na jere a kan dandamali cikin mayafansu ruwan goro, kuma kwanukan duk a rufe. Wasu har sun wanke hannu. Dattijon da ke jagorantar hidima, mai farar riga da lasifika a hannu, ya tare su.

"An gama, Lok. Sun rufe."

"Don girman..."

"Ba ni na kafa dokar ba. Ka ajiye can, a ba mabuƙata."

Champei ba ta yi kuka ba. Ta dai saki hannun ubanta, a hankali, yatsa bayan yatsa.

Wannan sakin ne ya zubar da shi ƙasa. Ya durƙusa, ya shiga rarrafe a kan tabarmi da gwiwa, ƙaton Bature jiƙe sharkaf cikin gajeren wando da rigar bakin teku mai zanen abarba, ya ɗaga langa sama da kansa, yana bin layin sufaye yana roƙo. Matasan suka sunkuyar da kai. Tsofaffin mata suka dafe baki. Sai can ƙarshen layi ya iske wani tsohon sufi, ba haƙori ko ɗaya a bakinsa, yana ta mamular lomar da ya daɗe da sawa, kwanonsa a buɗe. Ashe shi duk ake jira.

Tsohon ya dube shi, ya leƙa sama ta taga inda ba a ganin komai sai ruwa.

"Ni dai ban ga rana ta take ba," in ji shi. "Miƙo da hannu biyu. Wa ake ciyarwa?"

"Kunthea." Rabonsa da furta sunan a fili tun ranar jana'iza. Ya sake faɗa, da ƙarfi. "Kunthea. Da iyayenta, ban san sunansu ba."

"Ita ta sani."

Tsohon ya ɗebi miyar da cokali ya kai baki. Fuskarsa ta tattare wuri guda, ya yi tari har ƙaramin sufin da ke gefensa ya miƙo ruwa.

"Kai! Matar nan ba ta tausayin tsofaffi." Ya sake ɗiba duk da haka, ya haɗa da shinkafa.

Champei ta matso da gwiwa, ta tsaya nesa kaɗan kamar yadda mace kan yi. "Lok Ta, ta ci?"

"Ni ban ga abin da ke can ba, jikata, ba zan yi miki ƙarya ba. Na ci da sunanta. Ku zuba ruwa ku kira ta."

Aka miƙo musu ƙoƙon ruwa da faranti. Tsohon ya fara karatu da muryarsa mai kakkarwa, Champei ta kama ƙoƙon, amma yunwa ta cinye ƙarfinta har ruwan na fantsama. Ba ta dubi ubanta ba, ta dai ce, "Papa, riƙe mini." Ya ɗora hannunsa da ya ƙone a kan nata, suka tsiyaye shi tare har ɗigon ƙarshe.

Da sufaye suka tashi, aka sauko da ragowar abinci kan tabarmi kamar kullum, kowa ya ci. Wata tsohuwa mai askakken kai ta jawo Champei ta zaunar, ta tura mata shinkafa da soyayyen kifi, sannan ta harari Bastien tun daga sama har ƙasa.

"Kai kuma, baɗi ka zo da sassafe, ka sa dogon wando. Ka ba matarka kunya a gaban matattun mutane."

"To, Yeay," in ji shi, wato kaka.

"To, to. Zauna mana, ka tsaya mana a ka kamar bishiyar kwakwa."

Ya zauna. Champei ta riga ta kai loma ta uku, tana ci hannu baka hannu ƙwarya, shinkafa har a haɓa. Ta cinye ta suɗe yatsu, ta miƙa wa tsohuwar farantin.

"Yeay, da saura?"