Safiya Ba Ta Kuka

Dakta Mannir ɗan Tsafe ne, likitan yara. Shekara shida ya yi yana aiki a wani asibiti a Gusau kafin ya samu gurbin ƙaro horo na shekara biyu a wani asibitin koyarwa da ke kudu. Can zai ƙware a kan cututtukan da suka shafi sinadaran da jikin yaro ke samarwa, irin su ciwon sukarin yara da rashin girma. Ya tafi da ƙwarin gwiwarsa, don a Gusau ana yabon hannunsa.

A wata na biyu, wata Talata da hantsi, malamarsu Farfesa Halimatu Sadiya ta tara su, su huɗu masu karɓar horo, a kan wata jaririya 'yar mako shida. Harshenta ya cika baki, fatarta a bushe, cibiya ta turo waje, shawara kuma ta ƙi tafiya. Uwar ta ce sai an tashe ta take shan nono, kashi kuwa sai ta kwana huɗu ba ta yi ba.

Farfesa ta ɗora yatsa a gaban wuyan jaririyar. Ta ce a nan akwai wata 'yar tsoka mai samar da sinadarin da ke gina ƙashi da ƙwaƙwalwa, kuma ta wannan yarinya ba ta aiki tun haihuwa.

"Ƙwaya ɗaya kullum," in ji ta. "In an fara a makonnin farko, za ta yi makaranta kamar kowa. In aka makara, jiki zai iya biyowa, amma abin da ƙwaƙwalwa ta rasa ba ya dawowa. Za ku ji iyaye suna cewa yarinyar ba ta kuka. Ranar da kuka ji haka, hankalinku ya tashi."

Mannir ya karanta wannan cuta tun yana ɗalibi, har ya amsa ta a jarrabawa. Amma ba littafin ya tuna ba, wata mata ya tuna.

Sunanta Zulai, daga wata ruga kusa da Bungudu. Fiye da shekara huɗu da suka wuce ta kawo masa jaririyarta har sau uku. Zuwan farko ya ce shawara ce, za ta wuce. Na biyu ya rubuta maganin sassauta ciki. A na uku layi ya kai bakin ƙofa, shi kuma tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Ta ce, "Likita, ɗiyar nan ba ta kuka." Ya yi dariya ya ce wasu matan barci suke nema ba su samu, ita ta samu ɗiya mai haƙuri tana ƙorafi. Ya ƙara da cewa ta rage yawon tallar nono ta zauna ta shayar da yarinya. Matan da ke kan benci suka yi dariya. Zulai ta goya 'yarta ta fita, ba ta sake dawowa ba.

Da aka ba su hutun Babbar Sallah, washegarin isarsa gida ya tafi Gusau. Ya sa aka tono masa tsohon katin jaririyar: Safiya Tambaya, Bungudu. A ƙasa ga rubutun hannunsa, cewa uwa ba ta kula da shayarwa. Ya daɗe yana kallon layin nan.

Kwana uku ya yi yana cigiya. Ashe rashin tsaro ya tashe su daga rugar, sun dawo gefen garin Bungudu. Wani dillalin shanu mai suna Dogo ne ya kai shi har ƙofar gidan.

Tambaya, mijin Zulai, ya fito da murna. "Likita da kanshi! Lale, lale!" Ya shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ya sa aka kawo fura da nono a sabuwar ƙwarya. Mannir ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye ƙwaryar.

Zulai ta fito, yarinya na riƙe da gefen zanenta. Safiya ta kusa shekara biyar, amma tsawonta na 'yar shekara biyu ne. Fuskarta a kumbure, gashinta tsilli-tsilli, harshe a waje. Ta tsaya tana kallon ƙwaryar.

Mannir ya shirya magana tun a mota, duk ta ɓace. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam Tambaya, ba gaisuwa ta kawo ni ba. Ciwon ɗiyar nan yana da magani. Lokacin da aka kawo mani ita ya kamata in gane, ban gane ba. Da an fara tun sannan, da yanzu tana wasa da tsaranta. Laifina ne."

Tambaya ya ce, "Haba likita, haka Allah Ya rubuta."

"Sau uku na je," in ji Zulai. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dube shi ba. "Da na dawo gida na faɗi abin da ka ce, uwar mijina ta ce to ga shi har likita ya shaida. Shekara huɗu ana cewa ni na lalata ta."

Mannir ya so ya ambaci tsawon layi da rashin kayan gwaji. Ya ji ba zai iya ba. Ya tambaya ko tsohuwar tana nan. Aka ce tana ciki. Ya nemi izini ya shiga, ya durƙusa a gabanta, ya ce da wannan ciwo aka haifi Safiya, ba ruwan nonon uwarta, kuma maganar da ya yi a asibiti kuskure ce. Tsohuwar ta ce ta ji. Zulai tana tsaye a bakin ƙofa.

Bayan Sallah ya kai su Gusau aka ɗebi jini. Sakamako ya tabbatar da abin da ya zata. Aka fara ba Safiya ƙwayar kowace safiya, ya haɗa su da wani abokin aikinsa, Dakta Sabiru, sannan ya koma makaranta.

Can aka ce kowa ya gabatar da labarin mara lafiya guda a gaban malamai. Ya kawo na Safiya. A takardarsa ya rubuta cewa likitan da ya fara ganinta bai gano cutar ba. Farfesa ta tambaya, "Ka yi magana da likitan? Me ya hana shi gani?"

Mannir ya ce, "Ni ne likitan."

Farfesa ta dube shi ta saman tabarau. Ta ce ya gyara takardar ya rubuta haka, ya ci gaba. Ya ƙarasa bayanin.

Da ya gama horon ya dawo Gusau ya buɗe ɗakin duba irin waɗannan yara duk ranar Laraba. Safiya ta yi tsawo, kumburin ya saɓe, tana gudu. Tana cewa "Inna" da "ruwa" da wasu 'yan kalmomi. An gwada sa ta makarantar allo, ba ta riƙe komai ba.

Wata Laraba Zulai ta shigo da sabon jariri ɗan kwana biyar, ko suna ba a yi ba. Ta ce a gwada jininsa. Mannir ya miƙa hannu zai karɓe shi, sai ta juya ta miƙa wa malamar jinya. Ya mayar da hannunsa, ya rubuta takardar gwajin. Bayan kwana biyu sakamako ya fito, yaron lafiyarsa ƙalau. Ya kira wayar Tambaya ya faɗa masa, ya roƙe shi ya gaya wa Zulai.