Gona Tasa, Ɗorawa Tata

Katafilar da aka kawo don ta tuge ɗorawa biyu a bakin hanyar Funtuwa zuwa Bakori ta koma bisa tirela ba ta taɓa ko reshe ba. Wadda ta tsayar da ita Gwaggo Barakatu ce, mai sana'ar daddawa, wata ranar Talata cikin bazarar bana.

Bara ne hukumar tsara gari ta sauya wa filayen gefen titin matsayi. Da gonaki ne, yanzu an yarda a gina shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama. Masu saye suka sare itatuwa, suka malale ƙasa da siminti. Da damina ta sauka, ruwan da ke nutsewa cikin gonaki ya rasa mashiga, ya kwarara kwarin da ke bayan filayen. Kwarin ya ci bakinsa har ya tafi da katangar gidaje biyu. Inda bai zabtare ba shi ne inda saiwoyin ɗorawar nan suka riƙe, kuma gidan Gwaggo yana daf da wurin.

Gonar da ɗorawar ke ciki ta mahaifin su Gwaggo ce. Da aka raba gado, ƙanenta Ummaru ya sami ƙasar, ita ta sami itatuwan. A yankin ba baƙon abu ba ne gona ta zama ta wani, ɗorawar da ke cikinta ta wani. Mai gona ya yi nomansa, mai ɗorawa ya zo ya kaɗe 'ya'yansa. Ummaru ya sayar da gonar ga Alhaji Zainulabidin, dillalin siminti, tashin cikin gari. Alhaji bai tambayi zancen itatuwa ba, Ummaru kuma bai ɗauko shi ba.

Ranar da katafila ta iso, Gwaggo ta riga ta. Ta kafa murhu a gindin babbar ɗorawar, ta ɗora tukunyar kalwa, ta zauna bisa kujerar tsuguno tana iza wuta. Kalwa ba ta nuna da wuri, kuma ta san haka.

Direban, wani Isaiah daga wajen Malumfashi, ya leƙo. "Baba, a ɗan matsa mana. Aiki za mu yi."

"Ni ma aikin nake," in ji ta. "Wa ya aiko ka?"

"Mai fili."

"To je ka kankare masa filinsa. Wannan ba fili ba ce, ɗorawa ce."

Isaiah ya dubi itacen, ya dubi tukunyar. "Gado ce?"

"Gado ce."

Ya kashe injin. Ya ce tsohuwarsa ma tana da guda a gonar wani, kuma shi ba zai fara da wannan ba.

Aka kira Alhaji a waya. Ya zo tare da Ummaru, wanda ya tsaya bayan mota yana gyara hula.

"Hajiya, ina wuni," in ji Alhaji. "Ina ganin ba a yi miki bayani ba. Na sayi wurin nan daga titi har bakin kwari."

"Allah ya sanya alheri, Alhaji. Ka sayi abin da Ummaru ya mallaka. Ummaru, fito nan. Tun kana yawo ba wando, wa ke ba ka garin ɗorawa ka sha?"

"Ke ce, Yaya."

"Da Baba ya rasu, wa aka ba itacen?"

"Yaya, zamani ya canza. Shaguna za a yi."

"Ban tambaye ka zamani ba."

Mutane sun fara taruwa, 'yan acaɓa sun faka.

Alhaji ya sassauta murya. Ya ce zai biya diyya, zai kuma ba ta shago ɗaya ta riƙa sayar da daddawarta a inuwa.

"Daddawar me, in ka tuge uwar kalwa?" Ta nuna kwarin da muciya. "Maƙwabtana sun karɓi diyya. Je ka ga inda katangarsu take. Ni ba na sayarwa."

"Takardata ta hukuma ce."

"To hukuma ta zo ta sauke mini tukunya."

Mai unguwa da aka ɗauko ya shaida cewa yana wurin aka yi rabon, itatuwan na Barakatu ne. Ya ƙara da cewa shi dai ba ya da ikon hana gini. Da la'asar aka ɗora katafila bisa tirela. Kalwar ta nuna, Gwaggo ta sauke, ta aza wata.

Alhaji ya kai ƙara kotu. Kafin a zauna, magina sun haƙa harsashi ta ɓangarori uku, sun datse saiwoyin ƙaramar ɗorawar ta gefen titi, ganyenta ya fara yin rawaya. Gwaggo ta kaɗe 'ya'yan bana duka, murhunta kuma yana nan inda ta kafa shi.

An ɗage shari'ar zuwa bayan Babbar Sallah. Kotu ba ta faɗi ko takardar fili ta haɗa da itacen da ke kansa ba. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas.