Baro Uku na Jiƙaƙƙiyar Dusa

Shekara talatin Baba Mai Barga yana kwashe dusar katakon da ake shimfiɗa wa dawakai, kuma ya san lissafinsa: goɗiya ɗaya, baro ɗaya na jiƙaƙƙiyar dusa. Yau, ranar sukuwa, kafin hantsi ya tura baro uku daga ɗakin jar goɗiya.

Ya ajiye shebur. Ya tsunkuli fatar wuyanta ya saki, fatar ta tsaya cirko-cirko, ta ƙi kwanciya. Ya ɗaga leɓenta ya danna dasashi, wurin ya yi fari, ya daɗe bai koma ja ba. Da ya shafa jijiyar wuya sai yatsansa ya ci karo da ɗan kumburi kamar cizon sauro.

Gajere, mijin 'yarsa, wanda zai hau goɗiyar da la'asar, ya shigo da sirdi yana fito.

"Gajere, yaushe sauro ya fara sanin jijiya?"

"Wane sauro kuma, Baba?"

"Mai ƙafa biyu. Wa ya yi mata allurar fitsari?"

Fiton ya tsaya. "Haba Baba, kowa fa yana yi. Ta zubar da ruwa, ta yi sakayau, shi ke nan."

"Kana tsammani daga famfo take ɗebo fitsarin? Daga jininta ƙoda ke tatsowa, har da gishirin jiki. Jini ya ragu, ya yi kauri, sannan ka ce zuciya ta tura shi a guje cikin rana?"

"Ai za ta sha ruwa ta mayar."

Baba ya dubi ƙusar bango inda bokitin ruwanta ke rataye. Shi da hannunsa ya ɗauke bokitin tun da safe, kamar yadda ake yi wa duk dokin da zai yi sukuwa. Ya ciko shi, goɗiyar ta kafa kai ba ta ɗago ba. Ya karɓe sirdin, ya ajiye a ƙasa, ya zauna a kai.

"Kira likita. Yau ba ta fita."

Cikin minti goma likitan dabbobin ya iso, da jakar allurai a kafaɗa, ledojin ƙarin ruwa tuni a hannu. Bai tambayi abin da aka ba ta ba.

Baba ya dube shi, ya dubi Gajere. Ga dai sauro mai ƙafa biyu.

"Likita, rataya ruwan. Amma jakar nan taka, ajiye ta nan kusa da ƙafata."